Hannun Mamaci a Kan Fiyano

Laifin da zan ba ku labarinsa ba sata ba ne, ba shan giya ba ne. Raina halitta ne: mutum ya dubi jikin da Allah ya ba shi, ya ce an yi masa ƙwauro, ya tashi zai ƙarasa aikin da kansa. Lukyan Fomich na nan garinmu Kostroma shi ya yi haka, tun zamanin da sarki yake kan gadonsa, kuma duk wanda ya girma a unguwar bakin kogi ya ga abin da ya rage masa.

Amma ba a taɓa zancen Lukyan sai an fara da malaminsa, Nikandr Yefimich Barshin. Ɗan mai fito ne, a bukkar bakin kogin Volga aka haife shi. Yana yaro matar limamin coci ta ji shi yana taɓa tsohon fiyanonta, ta tsaya bayan ƙofa har shayinta ya huce, daga nan ba ta huta ba sai da aka tura shi Mosko karatu. Can ya zama abin da ya zama. Shi ke tsara kiɗansa, shi ke zama ya kaɗa shi, a Mosko, a Petersburg, har ƙasashen da ba a jin yarenmu. Abin da mutane suka fi riƙewa a kansa hannunsa ne. In ya buɗe shi a kan haƙoran fiyano sai ka ce shebur ɗin kwashe dusar ƙanƙara. Inda kowa ke sa hannu biyu, shi da ɗaya yake rufewa. Da ciwo ya ci ƙarfinsa ya dawo gida, wurin ƙanwarsa Serafima Yefimovna wadda ba ta taɓa aure ba, ya ɗauki ɗalibai kaɗan. Cikinsu Lukyan ne ya fi daɗewa, shi ne kuma ya fi iyawa.

Da kaka, ganye na zuba, Nikandr Yefimich ya rasu. Ya bar kiɗa guda da bai taɓa kaɗawa gaban jama'a ba, wanda ya tsara a kan fashewar ƙanƙarar kogi idan sanyi ya karye. A tsakiyar kiɗan akwai wurin da hannun dama ke danne haƙora biyar a tare, da tazarar da ba kowa ke kai ba. Nan ne ƙanƙarar ke fashewa. Hannun Lukyan bai taɓa kai tazarar nan ba, kuma malamin ya sha gaya masa: "Kada ka yi kokawa da shi, ɗana. Saki su ɗaya bayan ɗaya, da sauri, kamar mai zazzage wake a kwano." Lukyan ya kan ce to. A ransa kuwa yana cewa wannan maganar lallashin raggo ce.

Ranar arba'in aka taru gidan Serafima Yefimovna. Aka cire ƙyallayen da aka rufe madubai da su tun ranar rasuwar, aka ci fanke da dafaffiyar alkama mai zuma, kofin mamaci na nan a kan taga da gutsuren burodi a bakinsa. Nan manyan gari suka yanke cewa makon da ke bayan Ista za a kaɗa kiɗan nan a babban zaure, kuma Lukyan ne zai kaɗa. Sai tsohuwar ta shiga ciki ta fito da wani abu a naɗe. Irin mutanen nan in sun mutu a kan ɗauki zubin hannunsu da farar ƙasa kafin a sa su a akwati, to shi ne. Ta ajiye a kan tebur tsakanin kwanuka. Fari fat, a buɗe, har jijiyoyin baya sun fito, har tabon da igiyar jirgi ta yi masa yana yaro.

Sai mai kantin magani, Ardalion Petrovich, wanda ya riga ya ɗan sha, ya ce, "To magaji, sa naka kusa da shi mu gani mana."

"Bari dai, Ardalion Petrovich," in ji Lukyan.

"Haba, ba cizo yake ba. Sa!"

Lukyan ya sa. Mai kantin magani ya leƙo ta saman tabarau, ya ce, "Kai! Ƙafar kaza kusa da ta saniya. Serafima Yefimovna, ko ki ara masa wannan ya ɗaura ranar?"

Aka yi dariya, wasu suka rufe baki don gidan makoki ne. Lukyan ma ya yi dariya. Amma da ya janye hannunsa, gefen yatsansa ya goga farar ƙasar, sanyinta ya bi ta hannunsa har ƙeya.

Da mutane suka watse ya roƙi tsohuwar ta ara masa zubin, wai yana so ya duba yadda malam ke ajiye yatsu. Ta daɗe tana kallonsa.

"Lukyan Fomich, ka san hannun nan ba albarka kawai ba ne? Girma yake yi har ya tsufa bai daina ba. Safar hannun bara ba ta shigarsa bana. Da safe sai na tsoma masa shi a ruwan zafi kafin ya iya ɗaura maɓalli, yana kuka kamar yaro. Ciwon da ya ba shi hannun nan shi ya kai shi ƙasa."

"Na sani, uwa."

"Ba ka sani ba. Ɗauki, amma ka dawo mini da yayana."

Ya kai shi gida ya ɗora a kan fiyano. Matarsa Glafira ta dube shi, ta yi alamar gicciye, ta ce, "Wannan abin a ɗakin da muke cin abinci?" Ta ɗauko tawul ta rufe. Shi kuma kullum da safe sai ya buɗe.

Haka aka shiga ɗari. Da farko da marfin kwalba ya fara, irin mai laushin nan, yana cusawa tsakanin yatsu yana ɗaurewa da ƙyalle. Daga nan ya koma guntayen itace. Ya kan tsoma hannun a ruwan zafi har ya yi ja, ya ɗora a gefen tebur ya danna da gwiwar hannun hagu har idonsa ya kawo ruwa. In ya gama sai ya je ya auna da farin hannun. Kullum abu ɗaya: ƙaramin yatsansa na tsayawa a inda gaɓar farko ta na malam take.

Tsoro ya soma shigarsa, irin wanda ba ya fita da rana. In ya zauna kaɗawa, yana zuwa kusa da wurin nan sai ya ji kamar an tsaya a bayansa. Ya kan ga zauren cike, manya a gaba da lambobinsu, matansu da mahuci, ya kai wurin fashewar ƙanƙara ya saki haƙoran ɗaya bayan ɗaya, sai wani can baya ya ce, "Ƙafar kaza." A makarantar 'yan mata inda yake koyarwa, idan ɗaliba ta yi murmushi sai ya sa hannu a aljihu. Wata rana da hantsi rana ta faɗo ta taga a kan zubin, inuwar yatsun ta miƙo a kan haƙoran fiyano, daidai kan biyar ɗin nan. Ya tashi da baya har ya ture kujera.

Glafira ta fito daga madafa da cokali a hannu. "Lukyasha, lafiya?"

"Lafiya."

"Lafiyar ke nan, fuska kamar cuku? Ka mayar wa tsohuwar nan da kayanta. Malamin da kansa ya ce ka saki su ɗaya-ɗaya, da kunnena na ji, ina zuba masa shayi."

"Ke me kika sani? Ƙanƙara ba ta fashewa ɗaya-ɗaya. Gaba ɗaya take yi."

"Oho. Kai da ko bakin kogi ba ka zuwa don kada sanyi ya taɓa maka yatsu, kai ne ka san yadda take fashewa?"

Ya yi mata tsawa, abin da bai taɓa yi ba. Ta koma madafa, ya ji tana buga tukwane.

Ya taɓa ji a bakin makaɗa cewa wai a wasu ƙasashe akwai masu tsaga fatar da ke tsakanin yatsu, su yanke wani siririn zaren jijiya da ke riƙe yatsan zobe, sai hannu ya buɗe kamar an kwance shi. Ya je wurin likitan asibitin gari ya yi masa zancen a kaikaice, wai wani abokinsa ne ke tambaya. Likitan ya kama hannun Lukyan ya juya shi, ya ce, "Gaya wa abokinka hannunsa lafiya lau yake, kansa ne ke son dubawa. Ni ba na yanka abin da ba ya ciwo."

Da mutum mai hankali ne, nan zance ya ƙare. Amma akwai Kuzma Trifonich, mai yi wa dawaki magani a bayan kasuwar dabbobi, wanda ke fiɗiye angarma ya tsaga ƙurji ya yanke jijiyar dokin da ke ɗingishi. Shi bai taɓa ce wa kowa a'a ba.

Lukyan ya zaɓi lokacinsa da wayo. Babban azumi ya kama, an rufe gidajen wasa, ba kiɗa ba rawa har Ista, ba wanda zai ce masa zo ka kaɗa mana. Ya lissafa cewa kafin azumi ya fita ciwo ya warke. Ranar da safe ya zare zoben aurensa daga hannun dama, don Kuzma ya ce a zo ba zobe, ya ajiye shi a kan fiyano kusa da farin hannun. Ya ce wa Glafira zai je coci.

Rumfar Kuzma warin kashin doki take yi da na kwalta. Mutumin gajere ne mai faɗi, jakar fata a ƙugu, wuƙaƙe a jere a cikinta kamar haƙora. Ya dubi hannun Lukyan ya yi fito.

"Kai, ranka ya daɗe, wannan hannun amarya ne. Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"To ni doki ba ya gaya mini inda ke masa zafi, kai ma kada ka gaya mini. Sha wannan."

"Azumi ake."

"Allah ya ga abin da ya fi wannan. Sha."

Ya sha, barasar ta ƙona shi har ciki. Kuzma ya ɗaure masa hannu a kan kututture da linzami, ya ba shi guntun fata ya ciza. Sa'ad da Lukyan ya ga mutumin ya zaɓi wata 'yar wuƙa mai lanƙwasa, ya goge ta a cinyar wandonsa, ya tofa mata yawu ya sake gogewa, sai duk jikinsa ya ce masa tashi. Ya so ya yi magana, fatar na bakinsa. A waje wani doki na haniniya yana dukan katako. Ya ji sanyin ƙarfen a tsakanin ƙaramin yatsa da na zobe, sannan ya ji wani ɗan sauti, ƙyas, kamar tsinkewar igiyar goge, a cikin jikinsa ya ji shi ba a kunne ba.

"Ga ɗaya," in ji Kuzma. "Af, wannan kuma mene ne? Ku mutane zarenku ya yi yawa. Tsaya."

Ya sake yanka.

Lukyan ya dawo gida da hannu naɗe a tsumma mai warin kwalta, a cikin ƙirjin riga. Ya tarar da Glafira zaune gaban fiyano, zoben a tafin hannunta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Nuna mini."

"Ƙofar coci ce ta datse ni."

"Ƙofar coci ce ta cire maka zobe kafin ka fita? Nuna mini, Lukyan."

Ya ƙi. Ya shiga ɗaki ya kulle.

Kwanakin farko zogi ne kawai, ya ce ai dole. Ya kan ɗan ɗaga tsumman ya leƙa, ya ga yatsun sun kumbura sun yi sheƙi, ya ce kumburi ne zai sauka. Da ya gwada motsa yatsan zobe, yatsan bai ji kira ba. Ya dube shi, ya ce masa motsa, yana kwance kamar na wani. Nan gumi ya karyo masa. Ya sake ɗaurewa da sauri, ya ce gobe.

Goben ta zo da zazzaɓi. Hannun na bugawa kamar an sa masa zuciya ta biyu. Wata safiya ya naɗe hannun riga don ya wanke fuska, sai ya ga wani jan zare a ƙarƙashin fata, ya taso daga wuyan hannu ya nufi gwiwa. Ya goga shi da yatsa, bai goge ba. Ya sa ruwa da sabulu. Da azahar ya sake dubawa, zaren ya wuce inda ya bar shi. Duk ɗan garinmu ya san zaren nan. Masu saran itace in gatari ya same su shi suke dubawa, kuma sun san in ya kai hammata sai a kira limami. Lukyan ya zauna a bakin gado yana kallonsa, haƙoransa na karo da juna. Ta ƙofar da ke buɗe yana hango farin hannun a kan fiyano, lafiyayye, a buɗe, ba abin da ya dame shi.

Wari ne ya tona shi. Glafira ta shigo da miyar kabeji, ta tsaya a tsakiyar ɗaki, ta ajiye kwanon a ƙasa. Ta kama tsumman ta warware, shi kuma ba shi da ƙarfin hana ta. Yatsu biyu sun yi baƙi kamar gawayi, sauran hannun launin hanta.

"Uwar Allah," ta ce a hankali. Sai kuma da ƙarfi: "Wawa! Wawan Allah! Wa ya yi maka?"

"Glasha, kada ki gaya wa kowa. Saura kaɗan ya buɗe. In suka ji za su ba wani..."

Ta fita ko mayafi ba ta ɗauka ba, cikin dusar ƙanƙara.

Likitan nan dai ne ya zo. Ya dubi hannun, ya dubi Lukyan, ya ce, "Wannan ne abokin naka?" A keken doki aka ɗauke shi zuwa asibiti, yana roƙon a bar masa yatsun, yana cewa shi makaɗi ne, shi ne magajin Nikandr Yefimich. Likitan ya ce, "Yau ba yatsu muke nema ba, ranka muke nema." Aka ɗora masa ƙyalle mai warin maganin sa barci a hanci.

Rai ya tsira. Ya yi sauran azumin a gadon asibiti, ya ji ƙararrawar Ista daga can. Manyan gari kuwa ba su fasa taronsu ba. Suka aika Mosko aka turo musu wani makaɗi, mutum ne ɗan firit mai sanƙo, da mura ma ya zo.

Glafira ta ce kada ya je. Ya ce sai ya je. Suka zauna can baya kusa da ƙofa, hannunsa rataye a wuya. Tun da mutumin ya fito ya zauna, Lukyan hannunsa kawai yake kallo. Bai kai nasa na dā ba. Kiɗa ya fara, a hankali kamar ɗigar ruwa daga rufi, ya yi ta kumbura yana nauyi, Lukyan ya san kowane taku, yatsun da babu su suna motsi a cikin ɗaurin. Da aka doshi wurin nan sai tsoron nan ya dawo masa sabo, har ya runtse ido, kamar shi ne a kan kujerar.

Mutumin ya saki haƙoran ɗaya bayan ɗaya, da sauri. Kamar mai zazzage wake a kwano.

Ba wanda ya yi dariya. Ba wanda ya ce ƙafar kaza. Wata mata a gaba ta kama ƙirji, Serafima Yefimovna ta rufe fuska da hannu tana kuka, Ardalion Petrovich mai kantin magani ya miƙe tsaye tun ba a gama ba yana tafi, hawaye na bin gemunsa. Da aka fito, Lukyan ya ji shi yana gaya wa mutane a bakin ƙofa, "Wallahi kamar marigayin ne ya dawo! Kun ji wurin fashewar nan?" Da ya hango Lukyan ya zo ya dafa kafaɗarsa, ya ce, "Sannu, Lukyan Fomich. An ce ƙofa ce ta datse ka? Kai, abin tausayi." Ko tunawa bai yi da abin da ya faɗa ranar arba'in ba.

Bayan kwana kaɗan, da rana tsaka, gari ya ruɗe da ihun yara cewa kogi ya motsa. Kowa ya gangara kallo kamar yadda ake yi kowace shekara. Glafira ta ja mijinta, karo na farko tun yana saurayi da ya tsaya a bakin Volga a irin wannan rana. Suna tsaye sai tsagar ƙanƙarar ta taso daga can wajen tsohuwar mafitar jirgi, ta biyo tsakiyar kogi a guje, tararararas, ɗaya na bin ɗaya har ta wuce gabansu ta ɓace. Glafira ta dubi fuskarsa, ta ja shi suka koma gida.

Ita ce ta naɗe farin hannun a tawul ta mayar wa Serafima Yefimovna. Yana nan har yau a cikin gilashi, baƙi na zuwa kallo, kiɗan kuma ana kaɗa shi ko'ina, masu manyan hannu da masu ƙanana.

Shi kuwa Lukyan Fomich ga abin da ya tashi da shi. Yatsu biyu, na zobe da ƙarami, an binne su a bayan asibiti. Ukun da suka rage sun ƙandare a lanƙwashe, ba sa riƙe cokali, ba sa haɗuwa ya yi alamar gicciye, sai dai ya ɗaga dunƙulen ya taɓa goshi. Aikin makarantar 'yan mata ya tafi, ɗaliban gida suka janye ɗaya bayan ɗaya. Fiyano ya fita ta ƙofa a kafaɗar 'yan dako. Sunan magajin Nikandr Yefimich ya koma kan baƙo mai mura. Zoben aurensa kuma a wuyan Glafira ya ƙare, a jikin zare, don babu yatsan da zai zauna.